TASWIRAR HANYOYIN JIRGIN ƘASA: DA ME AKE GANE TA ƘWARAI?

Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne, ko da yana da idanu. In akwai wurin da wannan magana ta tabbata, to, shi ne cikin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na manyan biranen duniya, wanda Faransawa ke kira metro. Mutumin da ya sauka cikin waɗannan ramummuka ba ya ganin rana balle ya gane gabas da yamma, ba ya hangen bene ko itaciyar da zai yi alama da ita, jama'a kuwa kowa sauri yake yi, da wuya a samu mai tsayawa ya saurari tambaya. Abin da ya rage masa na ɗan jagora shi ne takardar nan mai zane-zanen launi da ke manne ga bango, wato taswirar hanyoyin jirgi. In an tsara ta da kyau, cikin minti guda ya san jirgin da zai shiga da tashar da zai sauka. In an ɓata ta kuwa, sai ya yi hasarar lokaci da kuɗi, wani ma jirgin sama ya tashi ya bar shi yana ta kai da kawowa ƙarƙashin gari.

Dalili ke nan da ya sa kampanonin sufuri ba su ɗauki wannan ƴar takarda abin wasa ba. An kusa shekara 100 ana gardama tsakanin masu zane, da shugabannin kampanoni, da su kansu matafiya, bisa ga yadda ya kamata a tsara ta. Labarin abin da ya faru a Landan, da Niyok, da Pari, da birnin Meksiko ya isa ya nuna wa mai karatu ma'aunin da ake ɗora taswira a kai kafin a yabe ta ko a kushe ta.

AIKIN HARRY BECK A LANDAN

A birnin Landan na ƙasar Ingila aka fara buɗe hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ranar 10 ga watan Janairu na shekara ta 1863. Taswirorin farko duk bisa siffar gari aka zana su: inda hanya ta karkace, zane ya karkace, inda tasha ta yi nisa, a kai ta can bakin takarda. Muddin hanyoyi ba su da yawa, wannan tsari bai dami kowa ba. Amma da suka yawaita suka miƙa har unguwannin bayan gari, sai matsala ta fito fili. Tashoshin tsakiyar birni suka cunkushe wuri guda, sunaye na hawan juna, alhali gefen takarda fili ne fetal, tasha nan, tasha can.

A cikin shekara ta 1931 wani ma'aikacin biron zane na kampanin, mai suna Harry Beck, wanda aikinsa ya shafi zanen wayoyin lantarki na alamomin jirgi, ya zauna a lokacin da ba na aiki ba ya sake tunani. Ya lura cewa mutumin da ke cikin jirgi ƙarƙashin ƙasa bai damu da karkacewar rami ba. Abin da yake so ya sani shi ne tashar da ke bin wata, da wurin da zai sauka ya canza jirgi. Saboda haka sai Beck ya miƙe hanyoyin duka, ya yarda da fuska uku kaɗai: a tsaye, a kwance, ko a jirkice bisa kusurwa mai daraja 45. Ya buɗa tsakiyar birni, ya matso da bayan gari, ya kusan daidaita tazarar da ke tsakanin tashoshi. Ya share tituna da gine-gine, bai bar kome daga abin da ke bisa doron ƙasa ba sai kogin Tamiz.

Da farko shugabannin kampanin sun ƙi aikin, suna ganin ya yi nisa da abin da jama'a suka saba. Beck ya nace, har aka yarda aka buga shi a farkon shekara ta 1933, ƴar takarda mai naɗewa da ke shiga aljihu, kwafi fiye da 700.000. Jama'a suka karɓe ta hannu biyu-biyu. Ladan da aka ba shi bai taka kara ya karya ba, kuma ya rasu a 1974 kafin a fara rubuta a ƙasan taswirar cewa shi ne ya ƙirƙiro tsarinta. Amma dabarar da ya fito da ita ce birane da dama na duniya suka kwaikwaya.

Darasi na farko ke nan. Taswirar ƙwarai ita ce wadda ido zai bi hanya guda daga farkonta har ƙarshenta ba tare da ya ɓace ba. Kowace lanƙwasa da mai zane ya ƙara, aiki ne ya ƙara wa idon mai karatu.

RIGIMAR NIYOK

Sauƙi kuwa yana da iyaka, kuma a birnin Niyok na Amurka aka ga iyakar. Metron wannan birni yana da tashoshi 472, ga kuma wata wahala da babu irinta a mafi yawan birane: bisa hanya guda akwai jirgi mai tsayawa kowace tasha, akwai mai wucewa da gudu sai manyan tashoshi. A 1972 hukumar sufurin birnin ta fito da taswirar da wani gwanin zane ɗan asalin Italiya, Massimo Vignelli, ya tsara bisa tafarkin Beck. Kowane jirgi da zarensa da launinsa, kowace tasha da ɗigonta: inda ka ga ɗigo bisa zare, jirgin na tsayawa, inda babu, wucewa yake yi. Masanan zane suka yaba ƙwarai, har yau ana ajiye da ita a gidajen adana kayan fasaha.

Mutanen gari fa, da yawansu ba su yaba ba. Ruwan da ya kewaye birnin an yi masa launin ƙasa-ƙasa maimakon shuɗi. Babban lambun nan na Central Park, wanda tsawonsa ya kai kilomita 4, faɗinsa kuwa mita 800, an mai da shi kusan murabba'i mai launin toka. Waɗansu tashoshi an ajiye su ɓangaren da ba nan suke ba. Shi kuwa mutumin Niyok da lambar titi yake tunani, tun da titunan tsakiyar garin a jere suke da lambobinsu, tashoshi da yawa ma sunan titi suke ɗauke da shi. Duk wanda ya fito daga rami ya tarar gari bai yi kama da takarda ba, sai ya daina amincewa da ita. A 1979 aka janye ta, aka maye gurbinta da wadda kampanin Michael Hertz ya zana, mai nuna tituna da lambuna da siffar gaɓar teku, hanyoyin jirgi na lanƙwasa kamar yadda suke a ƙasa.

Maganar ba ta ƙare nan ba. Wannan taswira ta biyu ta yi shekara 46 tana aiki, masu suka na cewa ta cika tarkace, kuma da wuya baƙo ya gane jirgin da ke tsayawa da wanda ke wucewa. A watan Afrilu na 2025 hukumar ta sake fito da sabuwa, wadda ta koma ga miƙaƙƙun zaruruwa irin na Vignelli, amma an mai da wa ruwa shuɗinsa, lambuna kuma korensu. Kowane ɓangare ya samu rabin abin da ya nema.

Ko a Landan an taɓa ganin irin wannan. A watan Satumba na 2009 aka buga taswira ba tare da kogin Tamiz ba, da nufin rage cunkoso a takarda. Jama'a da jaridu suka yi caa, magajin garin na lokacin, Boris Johnson, ya sa baki, kafin shekara ta ƙare kogi ya koma mazauninsa. Ashe wannan zare guda mai shuɗi shi ne abin da mutane ke kamawa su san arewa da kudu.

Darasi na biyu ke nan. An yarda mai zane ya ja gari ya matse shi, amma sai ya bar wa mai karatu abin da zai dafa: kogi, ko teku, ko babban lambu.

INDA TAKARDA KE YAUDARA

Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya daidaita tazarar tashoshi don sauƙin karatu, tilas ya ɓoye ainihin nisan da ke tsakaninsu, kuma wannan ɓoyo yana da tsada. A Landan, tsakanin tashar Leicester Square da ta Covent Garden mita 260 ne kawai, amma baƙi kan sayi tikiti su sauka ƙasa su jira jirgi, alhali da ƙafa da tuni sun isa. Tashoshin Queensway da Bayswater kuwa bisa titi guda suke, tafiyar ƴan mintoci, sai dai a takarda suna kan hanyoyi dabam-dabam, har wanda bai sani ba ya canza jirgi don ya je daga wannan zuwa waccan. Shi ya sa a 2015 hukumar sufurin Landan ta buga wata taswira mai nuna mintocin tafiyar ƙafa tsakanin tashoshi.

Wani malamin jami'ar Niyok, Zhan Guo, ya bincika yadda matafiyan Landan ke zaɓen hanya, ya fito da sakamakon a 2011. Ya tarar cewa tsawon hanya kamar yadda ido ke ganin ta a takarda ya fi ainihin lokacin tafiya rinjaye a zukatan mutane, har kusan ninki biyu, kuma ko waɗanda suka daɗe suna shiga jirgin ba su tsira ba. Tsakanin Paddington da Bond Street, a wancan lokaci, wajen kashi 30 daga cikin 100 na matafiya kan bi hanyar da ta fi daɗewa, don kawai ita ce ta yi kamar gajeruwa a zane. Tun 2022 sabuwar hanyar Elizabeth ta haɗa tashoshin biyu kai tsaye, amma abin da binciken ya nuna yana nan: hannun mai zane na iya tura dubban mutane cikin jirgi guda ya bar wani ba kowa.

Wuri na biyu da taswira kan yi yaudara shi ne mahaɗa, wato tashar da ake canza jirgi. Ɗan da'ira guda a takarda na iya zama tsallaka dandamali, na iya zama kuma doguwar tafiya cikin lunguna da hawa da sauka. Duk wanda ya taɓa canza jirgi a Châtelet na birnin Pari, inda hanyoyin metro 5 suka haɗu, ga kuma jiragen RER guda 3 a tashar da ke manne da ita, ya san bambancin, musamman in yana jan akwati ko yana riƙe da yaro. Taswirar kirki takan bambanta mahaɗa mai sauƙi da mai nisa, ko da ta hanyar ja wani siririn zare ne tsakanin da'irori biyu.

Pari ɗin ma ta daɗe ba ta bi Beck ba. Shi da kansa ya zana wa metron birnin taswira, na ƙarshe a 1951, hukumomi suka ƙi karɓa. Tashoshin Pari kusa da juna suke, mutanen birnin kuma sun saba haɗa tasha da unguwa, saboda haka taswirar da ke bin siffar gari ta ci gaba da aiki har wajen shekara ta 2000, sa'annan aka koma ga miƙaƙƙun hanyoyi. Wannan ya nuna cewa tsarin da ya dace da wani birni ba lalle ne ya dace da wani ba.

LAUNI, RUBUTU DA ALAMA

Bayan siffar hanyoyi sai abin da aka ɗora musu. Launi shi ne abin da ido ke fara kamawa, amma launukan da mutum ke iya rarrabewa da sauri ba su da yawa. Metron Pari na da hanyoyi 16, har ta kai an maimaita launi: hanya ta 13 da ta 3 bis launinsu guda, haka ta 6 da ta 7 bis. Ban da wannan, a ƙasashen Turai wajen namiji 1 cikin 12 ba ya rarrabe waɗansu launuka sosai, galibi ja da kore. Saboda haka ba a dogara ga launi shi kaɗai, sai an haɗa shi da lamba ko suna. Hukumar Landan na buga wata taswira baƙi da fari, inda kowace hanya ke da irin zanenta, da kuma wata mai manyan haruffa don masu raunin gani.

Rubutu ma yana da dokokinsa. Sunan tasha ya zauna a kwance, kusa da alamarta, ta yadda ba za a ɗauke shi na maƙwabciyarta ba, kuma kada zaren hanya ya ratsa shi. A 1960 kampanin Landan ya ajiye Beck ya buga taswirar da jami'in yaɗa labarunsa, Harold Hutchison, ya zana. Kusurwoyinta kaifi gare su, sunaye a matse, har sunan tashar Aldgate aka raba shi biyu, rabi a wannan gefen zare, rabi a wancan. Ba ta yi farin jini ba, a 1964 aka sauya ta da aikin Paul Garbutt, wanda ya mai da lanƙwasa masu laushi.

Dole kuma taswira ta faɗi inda kowane jirgi ya dosa. A Pari da sunan tashar ƙarshe ake gane fuska. Mai zuwa kasuwar Château Rouge daga Gare du Nord zai nemi hanya ta 4 mai zuwa Porte de Clignancourt. In sunan tashar ƙarshe bai fito baro-baro a takarda ba, ko kuma hanyar ta yi rassa biyu kamar ta 7 da ta 13 ba a nuna rabuwar da kyau ba, sai baƙo ya shiga jirgin da ya ba gidansa baya.

To, wanda bai yi lakkwal ba fa, ko wanda bai san haruffan ƙasar ba? Birnin Meksiko ya yi tunaninsa. Lokacin da aka buɗe metron birnin a 1969, mai zane Lance Wyman ya ba kowace tasha hoto nata, wanda ya danganci sunan wurin ko tarihinsa: fara ga Chapultepec, agwagwa ga Candelaria, igwa ga Balderas. Marar karatu sai ya ƙirga, ya sauka inda ya ga agwagwa. Tokiyo ta Japan kuwa ta bi wata hanya a 2004: kowace tasha aka ba ta harafi da lamba, har hanyar Ginza ta tashi daga G01 a Shibuya ta ƙare a G19 a Asakusa. Alhazai ma sun san amfanin lamba, domin jirgin da aka buɗe a 2010 tsakanin Arfa, da Muzdalifa, da Mina tashoshi 9 gare shi, uku a kowane wuri, ana kiran su da lamba 1, da 2, da 3.

SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI

Sauran tambaya guda: wa zai yanke hukunci? Shugaban kampani ya san hanyoyinsa da ka, saboda haka kowace taswira mai sauƙi ce a wurinsa. Mai zane kuwa kyan aikinsa yake gani. Masu bincike suka ce a gwada, kuma gwajin ba shi da wuya. A tara mutanen da ba su san birnin ba, a ba kowa taswira, a ce ya nemo hanya daga tasha kaza zuwa tasha kaza, a riƙe agogo, a ƙirga kurakurai, a kuma duba ko hanyar da ya zaɓa mai kyau ce.

Maxwell Roberts, malamin ilimin halayyar ɗan Adam a jami'ar Essex ta Ingila, ya yi irin wannan gwaji tare da abokan aikinsa bisa metron Pari, suka buga sakamakon a 2013. Sun kwatanta taswirar hukuma da wata da aka zana da lanƙwasa masu santsi, ba kusurwa ko ɗaya. Mutane sun fi saurin tsara tafiya da mai lanƙwasar, domin ta hukuma, ko da yake bisa dokar Beck aka yi ta, hanyoyinta sun cika karye-karye. Abin da ya fi ban mamaki shi ne ra'ayin mutane bai bi agogo ba: taswirar da mutum ya ce ta fi masa daɗi ba lalle ita ce ya fi sauri da ita ba. Wato jin ra'ayin jama'a kaɗai bai isa ba, bin doka ido rufe ma bai isa ba. Akwai taswira mai kyan ɗan maciji, akwai kuma wadda ba ta burge kowa amma tana kai mutum gida.

Duk wanda taswirar jirgi ta shigo hannunsa yana iya auna ta da kansa. Ya ɗora yatsa bisa hanya guda ya gani ko zai kai ƙarshenta ba tare da ya sauka bisa wata ba. Ya zaɓi tasha ya gani ko sunanta nata ne ba shakka. Ya duba ko mahaɗa ta bambanta da tasha marar canji, ko an nuna tashar ƙarshe, ko akwai bayanin alamomi a gefe, ko kuma za ta karantu in an buga ta baƙi da fari. Daga ƙarshe ya nemi shekarar da aka buga ta, domin taswirar da ta tsufa ta fi rashin taswira haɗari.

ABIN DA KE AIKI DA ABIN DA AKE FATA

Akwai ma'auni na ƙarshe wanda ya shafi ƙasashen da hanyoyin jirginsu ba su kammala ba, Nijar na ciki. Taswira ta rarrabe hanyar da jirgi ke bi, da wadda ake ginawa, da wadda ke cikin shiri kawai. Al'adar masu zane ita ce cikakken zare ga ta farko, tsinkakken zare ko ɗige-ɗige ga sauran. Dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku, kilomita 438, daga nan manyan motoci suka riƙa ɗaukar kayan Nijar. An ƙaddamar da tashar Yamai a watan Afrilu na 2014, aka shimfiɗa dogo wajen kilomita 140 zuwa Doso aka ƙaddamar da shi a 2016, amma bai shiga jigilar yau da kullum ba. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka kafa tubalin hanyar Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka tsara ta bi ta Daura, da Katsina, da Jibiya. Takardar da ta zana waɗannan duka da zare iri guda ta yaudari ɗan kasuwar da ke lissafin kuɗin dakon kayansa, komi kyan launukanta.

Ranar da jirgi ya fara ɗaukar fasinja a waɗannan hanyoyi, taswirarsu ba za ta yi wuyar zane kamar ta Landan ko ta Niyok ba, tun da tashoshin ba su da yawa. Wuyar tana ga masu karatunta: wani da Faransanci ya yi karatu, wani da Ingilishi, wani ajami ya sani, wani kuwa bai san harafi ko ɗaya ba. Meksiko da Tokiyo sun riga sun nuna cewa hoto da lamba na isa inda rubutu bai kai ba. Abin da ya rage ga masu tsara takardar shi ne su kai ta kasuwa da tashar mota kafin su kai ta maɗaba'a, su miƙa ta ga tsoho da tsohuwa, su riƙe agogo su gani.